Tambaya da Amsa: Zuwa Jaisalmer da Damina, Lokacin da Baƙi Suka Ɗauke Ƙafa

Tun da na ambaci garin Jaisalmer na ƙasar Indiya a fitowar da ta gabata, wasiƙu suka yi ta shigowa a kansa. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina kai ɗanyen dutse mai daraja Jaipur, babban birnin jihar Rajastan da Jaisalmer ke cikinta, wurin masu yanka shi da goge shi. Zan je a watan Agusta, kuma bisa al'ada in an gama duba kaya sai na zauna kusan mako ina jiran biya. Zaman otal ya ishe ni. Da ka ambaci Jaisalmer na nemi hotunansa, na ga ganuwa a kan tudu a tsakiyar hamada, raina ya biya. Amma abokin cinikina Ba'indiye ya yi mini dariya, ya ce ba a zuwa can da damina, in bari sai Disamba. Ni kuwa Disamba ba na Indiya. In je ko in haƙura? Ɗanka, daga Agege.

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Ka je.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai da bakin masu zuwa ɗaukar hoto a kan raƙumi yake magana. Kakar baƙi a garin daga Oktoba ce zuwa Maris, lokacin sanyi, a cikinta kuma ake bikin hamada da hukumar yawon buɗe ido ta jihar Rajastan ke shiryawa wajen Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni wuta ce tsagwaronta, zafi kan haura digiri 45, wannan ko ni ba zan tura ka ba. Agusta dabam ne.

Ka fara cire daminar Legas daga ranka. Mu nan in aka ce damina, abin da muka sani shi ne ruwa ya kwana yana zuba, kwata ta cika ta tumbatsa, mutum ya naɗe ƙafar wando tun daga Pen Cinema har ƙofar gida. Legas na samun ruwan da ya haura milimita 1,500 a shekara. Rabon Jaisalmer bai wuce wajen milimita 200 ba, shekara guda cur, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Iskar damina ta Kerala take shiga Indiya, can kudu, a farkon Yuni, sai ta gama da kowa kafin ta iso yammacin Rajastan, kuma in za ta janye a Satumba daga nan take farawa. Ga duwatsun Aravalli da suka ratsa Rajastan, waɗanda da a ce sun gitta wa iskar da ke tasowa daga Tekun Larabawa da sun tare hadari ya zubar, amma sai suka miƙe layi ɗaya da ita, tana wucewa ta gefensu salin-alin. Jaipur inda kake sauka tana samun kusan ninki uku na ruwan Jaisalmer, abokinka da abin da yake gani a ƙofar shagonsa yake auna can. Kana iya kwana uku a garin ba ka ga ɗigo ba, hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi.

Amma ran da ya sauka, da gaske yake sauka. Ƙasar kewayen garin fako ce da dutse, ba ta shanye ruwa da wuri, nan da nan busasshen rafi ya kawo. A Agustan 2006 gundumar Barmer, maƙwabciyarsu ta kudu, ta yi ambaliyar da ta ci rayuka masu yawa, ruwa ya kwanta a wasu ƙauyuka wata da watanni. Saboda haka duk lissafin da za ka yi, ka bar rarar kwana guda tsakanin dawowarka Jaipur da ranar karɓar kuɗinka ko tashin jirginka. Ruwan dare ɗaya na iya zaizaye ƙarƙashin layin dogo ko ya yanke hanya, a ce a dakata.

Jirgin ƙasa za ka hau. Daga Jaipur tafiyar wajen awa goma sha biyu ce, mafi yawan jiragen ta Jodhpur suke bi, ka kwanta da dare ka farka a hamada. Ka sayi tikitin taragon kwana mai na'urar sanyi, ka kuma saya da wuri. Dalili shi ne a kan layin, dab da Pokhran inda Indiya ta yi gwajin makamin nukiliya a 1974 da 1998, akwai wani gari Ramdevra da ake babban taron ziyara a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, gwargwadon yadda watansu ya kama. Mutane dubbai kan nufi can, wasu a ƙafa ɗauke da tutoci, jirage su cika maƙil. In tafiyarka ta faɗa cikin kwanakin nan ba ka da tikiti a hannu, to sai dai motar safa. Jirgin sama kada ka sa shi a lissafi, filin garin na sojan sama ne da aka ba farar hula gefe, kuma harkar tasa ta fi tafiya da sanyi. Ranar 15 ga Agusta ita ce ranar 'yancin kansu, bincike kan tsananta a tashoshi, fasfonka ya kasance a aljihun gaba.

In ka sauka, a-daidaita-sahu za ka shiga, irin namu na nan sak, ai daga can ake kawo mana su. Ku daidaita kuɗi kafin ka hau. Da yake baƙi sun yi ƙaranci, duk 'yan kamashon otal da ke tashar kanka za su yo, kowa na cewa otal ɗin da ka ambata ya rufe. Ka yi waya da masaukinka tun daga Jaipur, ka tabbatar suna karɓar baƙon ƙasar waje, don doka ta ɗora wa kowane otal cike takarda da kai rahoton baƙo ga hukuma, wasu ƙanana kuma ba sa son wahalar. Kuɗin ɗaki a wannan lokaci ya faɗi ƙwarai, kai ɗan kasuwa ne, ba sai na koya maka tayi ba.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Za a yi ta kwaɗaita maka kwana a cikin ganuwar kanta, a wani tsohon gida da aka mayar masauki, taga na kallon hamada. Kada ka kwana a ciki.

Sarki Rawal Jaisal na ƙabilar Bhati ne ya kafa garin a 1156, bayan ya bar tsohon birninsu Lodurva da ke fili ba kariya, ya hau tudun Trikuta. Da dutse ruwan ɗorawa aka yi ginin, akwai hasumiyar tsaro 99 kewaye da shi, kuma magina sun jera duwatsun ne suna cizon juna ba tare da kwaɓi a tsakani ba, don a ƙasar da ruwa ya fi komai tsada ba mai zubar da shi a kwaɓa ƙasa. An gina wurin ne domin mutanen da ke ɗauko ruwa a tulu daga ƙasan tudu, su yi wanka da ɗan kaɗan, abin da ya rage a ba dabba. Sai zamani ya kawo famfo. Baƙi suka zo, aka buɗe otal-otal da gidajen abinci, kowane ɗaki da shawa da masai na ruwa. Tsofaffin magudanan ba su iya ɗauka ba, ruwan ya riƙa tsiyaya cikin tudun, tudun kuwa akwai laka a cikinsa, in ta jiƙa sai ta motsa. Bango ya fara tsagewa, gidaje suka fara zubewa. Tun 1996 wata ƙungiyar kare kayan tarihi ta duniya ta sa ganuwar cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, an yi gyare-gyare, a 2013 kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da wasu ganuwowi biyar na Rajastan. Duk da haka ko a Agustan 2024 wani ɓangare na bango ya rufta bayan ruwa mai ƙarfi. Damina ita ce lokacin da tudun ya fi ɗaukar nauyi, ban ga dalilin da mutum zai je ya ƙara masa da ruwan wankansa ba.

Na san mutanen ciki ba za su ji daɗin wannan shawara ba. Dubban mutane ne ke zaune a ganuwar, gidajen kakanninsu ne, da baƙi suke ci. To ka hau da rana ka ci abinci a wurinsu, ka sayi tsaraba, ka biya ɗan jagora daga cikinsu. Kwana dai a ƙasa. Ga riba ma: wanda ya kwana a ciki ba ya ganin ganuwar, kai da ke kan soron otal a ƙasa kai ne za ka ga yadda dutsen ke canja launi daga hantsi zuwa almuru, ka kuma gan shi bayan ruwa ya wanke masa ƙura, ya koma ruwan zuma.

Zafi yana nan, wajen digiri 36 zuwa 38 da rana, da ɗan gumi da iska mai ƙura. Ka tsara yininka yadda mutanen Sakkwato ke yi da bazara. Ka fita bayan asuba, ka hau ta ƙofofi huɗu da ke bin juna a karkace, ka iske dandalin da ke gaban fada tun masu shago ba su gama shara ba. Kafin azahar ka koma ɗaki. Bayan la'asar ka sake fita, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe bakwai, don garin na can ƙarshen yamma kuma agogon Indiya ɗaya ne. A cikin gari ka nemi gidajen attajiran da. Mafi girma shi ne na iyalin Patwa, wanda aka fara a 1805, gida biyar a jere, uba ya gina wa 'ya'yansa biyar. Akwai na Nathmal, wanda wasu magina biyu Musulmi, wa da ƙane, suka yi, kowa ya ɗauki ɓari guda, in ka tsaya ka lura za ka ga dama da hagu sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kai da sana'arka dutse ce, ka tsaya a gaban tagogin nan da aka huda dutse aka mayar da shi raga, iska na shiga rana ba ta shiga. Da sanyi sai ka yi turereniya da ɗaruruwan mutane kafin ka matsa kusa. A Agusta mai gadi ma zai kawo maka kujera.

Amma duk wannan kana iya ganinsa a Disamba. Abin da ɗan Disamba ba zai gani ba shi ne ruwa, kuma ni a wurina wanda bai ga garin nan da ruwa ba bai fahimce shi ba.

A gefen gari akwai tafkin Gadisar, wanda sarki Gadsi Singh ya gina a ƙarni na 14 domin tare ruwan sama da ke gangarowa daga fili mai faɗi. Shekaru ɗaruruwa da shi garin ya rayu, har zuwa lokacin da aka kawo famfo, daga baya kuma ruwan babbar hanyar ruwa ta Indira Gandhi. Ina garin wata rana da la'asar sakaliya ruwa ya tsuge. Mu a Legas in aka fara ruwa kowa neman rumfa yake yana tsaki. Can sai na ga masu shago sun fito tsakiyar titi sun tsaya, yara na gudu tsirara, tsofaffi da rawunansu masu launi sun ɗaga fuska sama. Da aka ɗauke, gari ya ɗunguma zuwa tafkin, mata da maza, a kan babura da ƙafa, ba don komai ba sai don a ga matakala nawa ruwan ya rufe. Mai shayin da na zauna wurinsa ya nuna mini da yatsa inda ruwan ya kai bara da inda ya kai shekarar da aka haifi ɗansa. In ka je ka sayi burodi a bakin ƙofa, akwai tarwaɗa manya-manya da ake ciyarwa don neman lada, ba mai kama su. Ka kame zuciyarka, ka manta da farfesun Agege.

Daga nan ka ɗauki hayar mota yini guda, ka ce wa direba ya nuna maka khadin. Wata dabarar noma ce da ake dangantawa da mutanen Paliwal, tun ɗaruruwan shekaru. Sukan nemi inda fako mai faɗi ke gangarowa zuwa kwari, su tare ƙasan kwarin da doguwar jinga ta ƙasa, su bar mafita a gefe don rarar ruwa. Ruwan da ya sauka a kan fakon duka sai ya taru a bayan jingar, ya kwanta tsawon damina yana nutsewa, yana ajiye laka. In ya janye wajen Oktoba ko Nuwamba sai a shuka alkama ko wake a kan danshin, har a girbe ba a yi ban-ruwa ko sau ɗaya ba. A ƙasan jingar kuma a haƙa rijiya, abin da ya tsiyaya a sha. Da rani in aka nuna maka wurin, tudun ƙasa kawai za ka gani. A Agusta za ka ga tafki shimfiɗe a inda aka ce maka hamada ce. Ni ɗan ƙasar Daura ne, na san yadda ruwan shekara ke wuce mu a kwana kaɗan ya tafi da ƙasar gona, kuma na daɗe tsaye a bakin jingar nan ina lissafi. Ƙauyen Kuldhara, wajen kilomita 18 daga gari, na waɗannan mutane ne, sun watse sun bar shi a farkon ƙarni na 19. 'Yan jagora za su cika ka da labarin waziri azzalumi da fatalwa. Ka saurara don nishaɗi, amma ka fi ba rijiyoyin da tsarin titunan hankali.

A hanya za ka ga hamadar ta yi tsanwa. Ciyawa ta fito, an shuka gero, shi ne abincinsu na asali, ga kankana tana yaɗo a gindinsa, ga barewa, ga ɗawisu a kan katangar kowane ƙauye, lokacin rawarsa ke nan.

Tuddan rairayi na Sam, waɗanda ka gani a hoto, suna wajen kilomita 40 yamma da gari. A nan ne abokinka ya fi gaskiya. Yawancin masu tantunan kwana sukan naɗe kayansu tun zafi, ba sa dawowa sai damina ta wuce. Raƙuma dai suna nan, masu su ma suna nan, kuma za su yi murna da ganinka. Ka je da yamma, ka hau na awa guda, ka ga faɗuwar rana in hadari ya bari, ka dawo gari ka kwana. In wani ya ce zai shimfiɗa maka bargo a kan yashi ka kwana kana kallon taurari, ka ce masa sai wani jiƙon. Da damina kunama da maciji ke fitowa, akwai kuma ɗan'uwan kububuwarmu a wannan hamada, asibiti kuwa da nisa.

Abu na ƙarshe, iyakar Pakistan ba ta da nisa, garin cike yake da soja. Wuraren da na ambata an yarda baƙo ya je, amma in direba ya ce zai kai ka Tanot ko Longewala, inda aka gwabza a yaƙin 1971, ka sani ɗan ƙasar waje sai da izini na musamman. Kada ka ɗauki hoton bariki ko ayarin soja. Wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya haramun ce a Indiya in ba da lasisi ba, ana kama mutane a kanta. Samfurin duwatsunka kuma ka bar su a Jaipur a hannun wanda ka amince da shi. Za a kalle ka, za a roƙe ka hoto, baƙar fata ba ta da yawa a can. Mafi yawa son sani ne kawai, in ka gaji ka ɗaga hannu ka wuce.

Kawu ina wuni. Maigidana zai tafi da ni sayen kaya Delhi a ƙarshen Yuli, ya ce in an gama zai kai ni garin nan da ka faɗa. Damuwata abinci da sallah, da kuma ko mace mai hijabi za ta sake. 'Yarka, daga Idi-Araba.

Lafiya lau 'yata, Allah ya saka wa maigidan naki da alheri, ba kowa ke tunawa da iyali a tafiyar kasuwa ba. Daga Delhi tafiyar ta fi tsawo, jirgin ƙasa kan ci awa goma sha bakwai ko fiye, in da hali ku yada zango a Jodhpur.

Hijabi ba zai dame ki ba. Matan ƙauyukan Rajastan, har waɗanda ba Musulmi ba, da mayafi suke yawo, wasu ma har fuska suke rufewa. Ki dai zaɓi yadi marar nauyi, da takalmi mai kama ƙasa, don hawan ganuwar dutse ne da ƙafafu suka goge shekara ɗaruruwa, in ya jiƙa santsi gare shi, ga shanu na yawo a lunguna suna barin abin da suka bari. Ki tafi da kuɗin mayafai. Rini sana'arsu ce, suna da na ɗauri mai ɗige-ɗige, da wani mai layi-layi a karkace da ake kira leheriya, wanda matansu ke sawa musamman da damina.

Musulmi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na mutanen gundumar bisa ƙidayar 2011, akwai masallatai a cikin gari a ƙasan ganuwa, kuma da yawa daga masu raƙuma da direbobi Musulmi ne. Su za ku tambaya inda ake sayar da naman yanka. Wannan tambaya ta zama dole, domin akwai masu cin nama a can da ba yanka suke yi ba, sara ɗaya suke wa dabba. In ba ku tabbatar ba ku tsaya a kan abincin da ba nama, shi ne ma ya fi yawa, balle tafiyarku za ta faɗa watan Sawan, wanda Hindu da yawa ke ƙaurace wa nama a cikinsa. Duk abin da ke cikin leda ko kwali, in kin ga ɗigo kore a cikin ɗan murabba'i, babu nama a ciki. Ki ɗanɗana gurasar gero da man shanu, da dal bati, wato curin alkama da aka gasa ake ci da miyar wake, da ker sangri, 'ya'yan itatuwan hamada da ake busarwa a dafa da yaji. Suna da tsala mai gishiri da ake sha bayan abinci, tana maganin zafi.

Ga gargaɗi guda da za ki karanta wa maigidan da babbar murya. Akwai nono mai zaƙi da suke kira lassi, yana da daɗi, ku sha. Amma in kun ga an rubuta bhang a jikin shago ko a takardar abinci, ko mai sayarwa ya kashe ido ya ce akwai na musamman, to da ganyen wiwi aka dama shi. A fili ake sayarwa da lasisin gwamnati, shagon ma na kusa da ƙofar ganuwa, mutum na iya shiga da ƙishirwa bai sani ba.

Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata kudu kaɗan, kada jiki ya ɗauke ki ki fuskanci gabas yadda aka saba. Agogonsu na gaban namu da awa huɗu da rabi. A cikin ganuwar akwai wuraren ibadar mabiya addinin Jain masu sassaƙa ta ban mamaki, da safe ake barin baƙi su shiga, a cire takalmi da duk abin da aka yi da fata. Shiga ko tsayawa a waje, wannan ku da malaminku. In kun ji kiɗa da yamma a kan wani soro, wataƙila Manganiyar ne, Musulmi ne da suka gaji roƙo, suna wa iyayen gidansu Hindu waƙa suna jero sunayen kakanni, za ki gane sana'ar ko ba ki ji yaren ba.

Ruwan gora kaɗai za ku sha, ku guji 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye. Bayan ruwa sauro kan tashi, na zazzaɓin dengi kuma da rana yake cizo, ki riƙa shafa magani. Katin rigakafin shawara kada ya bar jakarki, ba a shiga Indiya daga Najeriya sai da shi. In za ki hau raƙumi ki jingina baya ki riƙe sirdi da kyau lokacin da zai tashi, da ƙafafun baya yake farawa. In abin bai kwanta miki ba akwai amalanken raƙumi, ba wanda zai ce kin gaza.

Malam, ni dattijo ne, na haura saba'in, ina harkar dabbobi a Alaba Rago. Abin nan ya ba ni mamaki. Mu da muka tashi a bakin Sahara, mu ne za mu kashe kuɗi mu je Indiya kallon yashi da raƙumi? Ina Agadas? Ina ganuwar Kano?

Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka dutse. Ban ce kowa ya sayi tikiti daga Legas domin Jaisalmer kaɗai ba, kuma ba zan faɗa ba. Waɗanda na amsa wa mutane ne da kasuwa ta riga ta kai su ƙasar, kwanaki suka rage musu.

Agadas da Jaisalmer kuwa 'yan uwan juna ne. Dukansu da ayari suka yi arziki, sarakunansu na karɓar fito daga fatake, su daga masu tafiya tsakanin Indiya da Sind da Farisa, mu daga masu gishirin Bilma da masu ƙetarawa Turabulus. Dukansu kuma teku da dogo ne suka karya su: can tashar jirgin ruwan Bombay ta janye kaya, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta rufe abin da ya saura, nan kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata da gyaɗa suka juyo kudu, zuwa wannan Ikko da muke zaune. Har shekarar da UNESCO ta karɓe su ɗaya ce, 2013. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, ta ƙasa zalla, ba ta jin kunyar kowane gini a Rajastan.

Bambancin shi ne can mutum na iya ɗaukar matarsa su hau jirgin dare, su sauka da safe, su sami ɗaki da abinci da ɗan jagora. Hanyar Agadas a 'yan shekarun nan sai an yi tambaya an sake tambaya kafin a kama ta. Tuddan rairayi muna da su a Tulo-Tulowa ta Yusufari a jihar Yobe, amma mutum nawa a Alaba Rago suka taɓa jin sunan? Ganuwar Kano tana jerin jiran UNESCO tun 2007, kuma kai ma ka san abin da ake yi da ita: ana ɗibar ƙasarta, ana yanka filoti a jikinta.

In Allah ya kawo lafiyar hanya, Alhaji, a Satumba ake taron makiyaya na Ingal, yamma da Agadas, lokacin da damina ke ƙarewa ana kai dabbobi lasar gishiri. Kai ka san dillalan raƙuma na can, ni ban san kowa ba. Ka shirya mana mota, man fetur a wuyana.